Manna Ba Ta Kwana: Gargaɗi ga Uwa Mai Koyar da 'Ya'yanta a Gida

A Amurka, tun 1993 doka ta amince da koyar da yara a gida a dukkan jihohi 50, kuma iyalai Kirista na cikin waɗanda suka tsaya kai da fata har aka kai ga haka. Da korona ta zo, hukumar ƙidayar ƙasar ta gano cewa gidajen da ke yin haka sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari zuwa kashi 11.1 a cikin 2020 kaɗai. A wajenmu yawanci ba zaɓi ba ne, dole ce. An rufe makarantu wata da watanni a 2020. A Yulin 2021 kuma 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da ɗari daga makarantar Bethel Baptist da ke ƙaramar hukumar Chikun a Jihar Kaduna. Ga tsoro, ga tsadar kuɗin makaranta, sai wasu iyaye suka ce yara su zauna a gida tukuna. To ko a Texas ne ko a Kafanchan, nauyin a kan uwa yake sauka.

Ita ce malamar lissafi, ita ce mai girki, ita ce mai raba faɗa. Malamar makaranta tana tashi da azahar ta bar ɗalibai. Wannan kuwa ɗalibanta su ne ke buga mata ƙofar banɗaki. Raymond da Dorothy Moore, waɗanda suka yi fice wajen yaɗa karatun gida a Amurka, sai da suka rubuta littafi guda a 1988 a kan wannan gajiya, don sun ga yadda take kayar da iyaye mata.

Inda haɗarin yake shi ne fassarar da uwa ke yi wa gajiyarta. Ta buɗe Littafi Mai Tsarki barci ya kwashe ta, ta durƙusa addu'a hankalinta ya tafi kan tukunya, ta daka wa yaro tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai ta yanke wa kanta hukunci cewa ta ja da baya a bangaskiya. Maganin da take kawowa kuma shi ne ƙarin azumi da kwanan addu'a, a jikin da tun farko barci ne bai ishe shi ba. Bayan mako biyu ta kasa, laifin da take ɗora wa kanta ya ninka.

'Yar'uwa, duba 1 Sarakuna sura 19. Iliya ya gama gagarumin aiki a Dutsen Karmel, Yezebel ta yi masa barazana, ya gudu cikin jeji, ya zauna ƙarƙashin wani itace yana roƙon mutuwa. Allah bai fara da tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya koma ya kwanta, aka sake tashinsa ya ci. Magana sai daga baya, a Horeb. Idan annabi ya buƙaci barci da abinci kafin ya iya saurare, uwar da ta kwana tana jijjiga jariri ba ta yi zunubi ba don ta yi gyangyaɗi a kan Zabura.

Sai kuma batun yawan ibada. A Fitowa sura 16, an umarci Isra'ilawa su tara manna daidai cin yini. Waɗanda suka ajiye don gobe sun tarar ta yi tsutsa. Mata da yawa suna jiran babban taron Zumuntar Mata na shekara, ko ranar da yara za su girma gida ya yi shiru, su ce a lokacin za su farfaɗo. Taro yana da amfaninsa, amma ƙarfin da aka samo a can ba ya kai mutum Laraba ta biyu. Minti goma kowace rana, da ayoyi biyar da aka karanta a natse, sun fi alkawarin awa biyu da ba a taɓa cikawa ba. Idan asuba ba ta yiwuwa, a ɗauki lokacin da yara ke rubutu ko suka kwanta da rana. A kuma lura: darasin Littafi Mai Tsarki da kika shirya wa yara nasu ne. Mai dafa wa mutane ba ta ƙoshi da ƙamshi. Ki ware karatun da ba za ki koyar wa kowa ba.

Ana yawan kafa misali da Susanna Wesley, mahaifiyar John da Charles Wesley, wadda ta rasu a 1742. Ta haifi 'ya'ya 19, tara suka mutu suna jarirai. An taɓa kulle mijinta saboda bashi, gidansu na Epworth a Ingila ya ƙone a 1709, kuma tana koyar da yaranta awa shida a rana. Labarin da aka fi so shi ne wai takan lulluɓe kanta da ƙyallen girki, yara su san Mama na addu'a, kada a taɓa ta. Ni abin da ya fi burge ni shi ne tsarin da ita kanta ta bayyana a wasiƙa: da yamma, manyan yara kan ɗauki ƙananan, kowa da nasa, su karanta musu Zabura da sura guda. Wato ba ta rungumi komai ita kaɗai ba. Kuma tana da masu taya ta aikin gida, abin da masu wa'azi kan manta su faɗa.

Nan ne maganar ta zo kan maigida. Ba ya isa ka ce mata "sannu da ƙoƙari" ka ɗauki wayarka. Yetro ya ga Musa yana shari'a daga safe har yamma, ya gaya masa zai kashe kansa da gajiya, ya raba aikin. Ka karɓi darasi ɗaya, ko ka fita da yara ranar Asabar na awa biyu. Su ma shugabannin Zumuntar Mata, a ECWA ne ko COCIN ko EYN, idan 'yar'uwa ta daina zuwa, a je a duba ta kafin a rubuta ta cikin masu sanyin zuciya. Gidaje biyu ko uku na iya karɓa-karɓa, yau yara a nan, jibi a can. Ke kuma ki rage leƙen Facebook, inda kowace uwa ke nuna yaranta sun yi tsaf a kan tebur. Ba mai ɗaukar hoton ranar da aka yi kuka.

Akwai gajiyar da hutu da addu'ar safe ba sa ɗaukewa, kuma wajibi ne a gane ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fuskantar matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu, abinci ya fita a rai, barci ya ƙi zuwa ko da yara sun kwanta, abin da kike so a da ya daina yi miki daɗi, to lokacin ganin likita ya yi. Ƙarancin jini ma yana kawo kasala irin wannan, kuma gwaji kaɗan ne ke nuna shi. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ko yaro ya fara zuwa, ko kina jin muryoyi, kada a jira Lahadi. A gaya wa wani babba a gida, a tafi asibiti a ranar, kuma kada a bar ki ke kaɗai da yara kafin likita ya gan ki. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, da wani a Maiduguri, kuma babban asibiti mafi kusa zai iya tura ki inda ya dace. Fasto ya zo ya yi addu'a, amma kada kowa ya sa a ajiye maganin da likita ya rubuta.