Motar da ke shan mai tana kukan bai ishe ta ba

Kawuna direba ne, ya daɗe yana ɗauko gero da dawa da wake daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau a cikin wata tsohuwar akori-kura ƙirar Hilux. Injin da ta zo da shi mai kafireto ne, 22R, irin wanda makanikan Kano suka sani ciki da bai. Da injin ya buga, abokan sana'a suka ce masa kada ya zuba kuɗi a gyara, ya tafi Ƙofar Ruwa ya sayo ɗan Beljiyam mai injekta, lita 2.7, a ɗora mata. Haka kuwa aka yi. Injin ya zo da ƙwaƙwalwarsa da tarin wayoyinsa, aikin ya rabu gida uku: makanike ya zaunar da inji, mai wayarin ya haɗa wuta, mai walda ya ƙera sabuwar salansa, domin tsohuwar ba ta hau bakin sabon injin ba.

Bugu ɗaya motar ta tashi. Ƙarfi kam sai wanda ya gani. Amma ba a je ko'ina ba Kawu ya lura man da ya saba zuwa kasuwa ya dawo da shi yanzu a hanya yake ƙarewa. Abin kuma ya zo a mugun lokaci. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Mai ɗaukar kaya ribarsa a tanki take. Kawu ya wayi gari yana yi wa gidan mai aiki, iyalinsa na jiran abin da ya rage.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne. Idan ya taka totur, baƙin hayaƙi ke fita, wanda ya tsaya a bayan motar kuwa sai idonsa ya yi hawaye don warin ɗanyen fetur. Makanikensa, dattijo mai gaskiya da ya rene motar tun tana sabuwa a hannun Kawu, ya kwance fulogi huɗun ya jera su a kan tsumma. Dukkansu baƙi ƙirin, da wata busasshiyar kunkunniya mai kama yatsa. Ya zaro sandar awon baƙin mai ya shinshina, ya miƙa wa Kawu. Fetur take wari, kuma man ya tsinke, ya ma ɗan haura layin da aka cika shi. Dattijon bai yi kuskuren karatu ba: shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba, baƙi kuwa fetur ne ya fi ƙarfin iska. Injin fetur yana son wajen kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na mai. Idan mai ya rinjaya, ragowar ba ya ƙonewa, wani ya fita ta salansa, wani ya gangara jikin silinda ya wanke baƙin man da ke kare fistin.

Sanin ciwo daban, sanin mafarinsa daban. Aka sake fulogi, suka sake baƙi. Aka wanke nozul, aka sauya matatar iska, aka sauya famfon mai. Wani ya ce man bumburutu ne, Kawu ya daina saye a galan. Wani ya ce ƙwaƙwalwar ce ta ƙone, aka aro wata aka gwada, babu abin da ya sauya. Har aka fara cewa baki ne, tunda mota ta yi sabon inji idon jama'a na kanta. Dattijon da kansa ya kai ga cewa a cire injekta a mayar da kafireto a huta, domin a kafireto ya san sukurun da zai murɗa mai ya ragu. Ban ga laifinsa ba. Sai dai wannan injin ba shi da sukurun murɗawa. Ƙwaƙwalwa ce ke yanke yawan man da za a fesa, kuma da abin da 'yan aikenta suka gaya mata take aiki: mai auna iskar da ke shiga, mai auna zafin ruwa, da mai shinshinar hayaƙin da ke fita.

Wanda ya warware matsalar wani matashi ne a garejin da ke maƙwabtaka, yana da 'yar na'urar da ake soka wa mota a karanta a wayar hannu. Sai da aka sha nema kafin a gano soket ɗin, a cukuikuye cikin wayoyi ƙarƙashin dashbod. A nan ne ma aka gane ba a taɓa haɗa wutar gargaɗin inji ba, ashe tun ranar farko motar ke ƙorafi ba mai ji. Lamba ta fito a wayar: P0171.

Yaron ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, "Baba, abin da ta rubuta shi ne mai bai ishe ta ba. Iska ta yi yawa."

Dattijon ya ɗauko fulogi ɗaya ya ɗora masa a tafin hannu. "Yaro, wannan ne bai ƙoshi da mai ba? Na'urarka ce ba ta da lafiya."

"Baba, gaskiyarka, mai ya yi yawa. Ita ma na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da ƙwaƙwalwa ta yarda da shi ta faɗa. Ga shi nan tana ƙara mai har iyakar da aka ba ta. Akwai mai gaya mata abin da ba haka ba."

Abin da ya burge ni da yaron nan shi ne bai zaɓi tsakanin fulogi da waya ba, ya riƙe shaidun biyu ya nemi abin da zai sa duka su zama gaskiya. Ya buɗe shafin da ke nuna sensar hayaƙi. Irin wannan sensa, wadda kamfanin Bosch ya fara fitarwa a motocin Volvo a 1976, tana gwada iskar oksijin da ta rage a hayaƙi da ta sararin waje. Idan mai ya yi yawa takan ba da wuta wajen volt 0.9, idan ya yi kaɗan ta sauka wajen 0.1, kuma a lafiyayyen inji lambar ba ta zama wuri ɗaya, hawa da sauka take yi ba tsayawa. Ta Kawu tana kwance a ƙasa ko motsi ba ta yi, a taka totur ko a saki.

Aka tura motar kan rami. Yaron ya shiga da tocila, ya bi salansa da hannu daga bakin inji zuwa baya. Bututu ne sumul, walda mai kyau, babu ko huda ɗaya. Sai ya koma ya bi waya. Can gefen shasi ya same ta: sensar tana rataye, an ɗaure ta tamau da robar tayar keke don kada ta ja ƙasa, kanta ya yi ja da ƙurar hanya. Soket ɗinta a haɗe yake, wayar da ke ɗumama ta na aiki. Tsawon watannin nan iskar Allah take shaƙa, tana aika wa ƙwaƙwalwa cewa babu ɗigon mai a hayaƙi. Kamar uwargida ce ta sa yarinya ɗanɗana mata miya, yarinyar ko ruwan randa take kurɓa tana cewa gishiri bai ji ba, ita kuma tana ta barbaɗawa.

Yadda aka yi haka ba wuyar ganewa. Injin Beljiyam ba ya zuwa da cikakkiyar salansarsa, ballantana tukunyar tace hayaƙi da ake kira indomi, wadda ake sayarwa daban saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Sensar ta biyo wayoyi ita kaɗai. Mai wayarin ya ga soket ya haɗa, bai ga ramin ɗaurawa ba ya ɗaure ta a gefe. Mai walda kuwa a kan Fijo 504 da 22R ya koyi aiki, inda salansa bututun fitar da hayaƙi ce kawai, ba wanda ya ce masa a bar ƙofa. Kowannensu ya yi nasa aikin da kyau. Wanda zai tsaya ya dubi inda ayyukan uku suka haɗu ne babu.

Mai waldar ya huda bututun kusa da inji, ya liƙa noti, aka goge sensar aka ɗaura. Kafin a rufe bonet yaron ya nuna wani abu kuma: zafin ruwa ba ya kaiwa inda ya dace. An cire tamostat ranar da aka ɗora injin, bisa al'adar nan tamu ta cewa kayan ƙasar sanyi ne. Wannan al'ada tana ci mana mai ba kaɗan ba. An ƙera injin ya yi aiki da zafi sama da digiri 80, kuma muddin yana ƙasa da zafinsa ƙwaƙwalwa na ɗaukar bai gama ɗumama ba, ta riƙa yi masa ƙari. Dattijon ya yi jim, sannan ya aika yaronsa ya sayo sabo, shi da kansa ya ɗaura. Aka zubar da baƙin man da fetur ya gurɓata, aka share abin da ƙwaƙwalwa ta haddace, aka tayar. Lambar da ke kwance a wayar ta fara hawa da sauka. Dattijon ya zagaya baya ya kara tafin hannunsa a bakin salansa, ya duba, ya ce wa mai na'urar, "Allah ya yi maka albarka."

Kuɗin notin da waldarsa bai kai na fulogin da aka yi ta saye ana zubarwa ba. Kai da ka sauya wa motarka inji ko salansa, ka ga ta koma shan mai da baƙin hayaƙi, kada ka sayi komai tukuna. Ka sa a haɗa wutar gargaɗi, a karanta abin da ƙwaƙwalwa ke faɗa, sannan wani ya shiga ƙarƙashinta ya bi kowace waya har inda ta ƙare.