Ƙaron Sudan da Lissafin Garkuwar Cibiyar Zarra

Sudan ta daɗe tana kan gaba a duniya wajen fitar da ƙaro, kuma a Khartoum aka kafa kamfanin da ya riƙe cinikinsa a waje daga 1969 zuwa 2009. Ƙaron iri biyu ne. Akwai na dakwara, wanda mutanen Khartoum da Omdurman ke kira hashab, akwai kuma na dushe, wato talha. Hashab ya fi tsada, don haka idan aka niƙa su aka gauraya, ido ba zai gane ba, mai saye kuwa ya yi asara.

Ɗaya daga cikin hanyoyin bambance su ita ce na'urar NMR, wadda Felix Bloch da Edward Purcell suka bayyana tushenta a 1946. Ana sa samfuri cikin maganaɗisu mai ƙarfi, a aika masa igiyar rediyo, sai cibiyar kowace ƙwayar zarra ta amsa a nata mitar. Abin lura a nan shi ne, elektiron da ke kewaye da cibiyar suna rage ƙarfin maganaɗisun da ke isa gare ta, tamkar garkuwa. Kaurin garkuwar ya danganta da maƙwabtan zarrar. Saboda haka kabon da ke cikin methyl na sukarin ramnos yakan fito a wajen 17 bisa ma'aunin ppm, kabon da ke haɗa sukari da sukari kuwa tsakanin 95 da 110. Da yake hashab ya fi talha yawan ramnos, alamar nan ta wajen 17 takan fi ƙarfi a cikinsa.

To, ina amfanin lissafi? Na'ura takan nuna layuka da yawa a cunkushe, ba ta faɗin wane kabon ne ya haifar da wane layi. Norman Ramsey ya tsara ka'idar garkuwar a 1950, amma aiwatar da ita ya gamu da cikas: amsar takan canja gwargwadon inda mai lissafi ya ɗauka a matsayin mafarin awo, abin da bai dace da hankali ba. Maganin ya fito daga wata dabara ta Fritz London ta 1937, inda kowace zarra ke ɗauke da nata mafarin. Ditchfield ya yi amfani da ita a 1974, sannan Wolinski da Hinton da Pulay suka sauƙaƙa ta ga kwamfuta a 1990. Ita ake kira GIAO.

Ƙaro babban dunƙule ne da ya fi ƙarfin lissafi gaba ɗaya, sai dai a yanko sukari biyu ko uku, a lissafa garkuwarsu da manhaja irin Gaussian ko ORCA, a cire ta daga ta sinadarin TMS, a gwama da abin da na'ura ta nuna. Wannan ɓangaren kwamfuta kawai yake buƙata, abin da ya zama muhimmi bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa ɗakunan gwaji na jami'o'in Khartoum da Omdurman.