Janar Othello a Ajin Ƙarshe: Nazarin Tauraron Wasan Ban Tausayi

Duk bayan shekara biyar, hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, takan sauya jerin littattafan da ɗaliban adabin Turanci za su karanta. Da zarar sabon jeri ya fito, sai tsofaffin baƙi su tattara nasu ya nasu su bar azuzuwan sakandare, sababbi su sauka. Daga 2006 zuwa 2010 Hamlet ne baƙon, ɗan sarkin Denmak. Daga 2016 zuwa 2020 Othello ne, janar ɗin sojan birnin Benis na Italiya. Daga 2026 zuwa 2030 kuma Antony da Cleopatra ne suka karɓi ɗakin. Duka ukun William Shakespeare ne ya rubuta su, mutumin Ingila da ya rasu a 1616, kuma duka ukun da gawarwaki suka ƙare.

Jerin nan ba ya tambayar inda makaranta take. Abin da aka ɗora wa ɗan Legas shi aka ɗora wa ɗan Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu a Jihar Jigawa. Shi aka ɗora wa yarinyar da ta taso daga Basirka ko Sara ta zo karatu Gwaram, wadda ba ta jin Turanci a gida, ba ta jin sa a kasuwa, sai a bakin malami. Ga shi kuma ba darasin da za a kauce wa ba ne ga mai son karatun lauya, domin mafi yawan jami'o'in Nijeriya ba sa ɗaukar ɗalibi a wannan fanni sai da kiredit a adabin Turanci.

Wasan ban tausayi, wanda malamai ke kira tirajidi, ba kowane wasan da aka mutu a cikinsa ba ne. Ma'aunin da ake koyarwa a aji ya samo asali daga Aristotal, masanin Girka na ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa. A wurinsa, tauraron irin wannan wasa mutum ne mai daraja, ba waliyyi ba, ba kuma tantirin mugu ba. Idan waliyyi ya faɗi, mai kallo haushi zai ji. Idan mugu ya faɗi, cewa zai yi Allah ya ƙara. Wanda ke tsakani shi ne ke sa a ji tausayi da tsoro a lokaci guda: tausayi saboda hukuncin ya fi laifin girma, tsoro saboda mutum ne kamar kowa. Faɗuwar tasa kuma da hannunsa a ciki, ta hanyar wani kuskure ko rauni na hali. Al'amura su juye masa, sannan ya gane gaskiya bayan bakin alƙalami ya bushe.

Othello baƙar fata ne daga Arewacin Afirka, mayaƙi da ya yi suna har Benis ta damƙa masa rundunarta. Ya auri Desdemona, 'yar wani ɗan majalisa mai suna Brabantio, a ɓoye, ba da sanin uban ba. Ya ɗaga Cassio zuwa muƙamin mataimakinsa ya tsallake Iago, Iago kuwa ya ƙulla shi a zuci. Aka tura su tsibirin Kubrus don tare jiragen yaƙin Turkawa, guguwa ta riga su gamawa da jiragen, soja suka zauna ba aikin yi. A nan Iago ya fara ɗiga wa Othello magana a kunne cewa akwai wani abu tsakanin matarsa da Cassio. Hujjar da ta rufe zancen ɗan hankici ce, kyautar farko da ya ba ta, wanda ya faɗi ƙasa, Emilia matar Iago ta tsinta, ya ƙare a ɗakin Cassio. Othello ya maƙure matarsa a kan gado. Emilia ta tona asiri, mijinta ya kashe ta, Othello ya soke kansa.

Wannan shi ne labarin, kuma a nan ɗalibai da yawa suke tsayawa, suna zaton sun yi nazari.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Kishi, tsegumi, ɗan tsurku mai shiga tsakanin miji da mata, auren da iyaye ba su sa wa albarka ba, bara mai dariya a fuska da wuƙa a baya, duk finafinan Kano sun tatse su, kuma littattafan soyayya na kasuwa sun riga finafinan. Yarinyar Gwaram ta san Iago tun kafin ta ji sunansa. Akwai ma wata alaƙa da ba kasafai ake faɗa a aji ba. A 1600, shekaru kaɗan kafin a nuna wasan a fadar Ingila a 1604, an buga fassarar Turanci ta littafin Hasan al-Wazzan, matafiyin da Turawa ke kira Leo Africanus, wanda ya ba da labarin ƙasashen Afirka har da Kano, Katsina, Zazzau da Gobir. Masana da dama suna ganin littafin yana cikin abubuwan da suka taimaka wa Shakespeare wajen gina Othello. A 1600 ɗin kuma jakadan sarkin Maroko ya yi watanni a Landan.

Sai dai wannan sabo da labarin shi ne tarkon. Mai ba da tatsuniya yakan fara daga farko ya bi da bi har ƙurungus, mai wa'azi kuma yakan ƙare da darasi. Ɗalibin da ya tashi a kan waɗannan biyun, in aka tambaye shi rawar da kishi ya taka wajen halakar Othello, sai ya kwashe shafi biyu yana zayyana abin da ya faru, ya rufe da cewa kishi mugun ciwo ne, a guje shi. Maganarsa gaskiya ce, amma makinta kaɗan ne. Rahotannin manyan masu duba takardu na WAEC sun daɗe suna nanata koke iri ɗaya: ɗalibai suna ba da labari maimakon amsa tambaya, suna dogara da 'yan littattafan taƙaitawa maimakon ainihin littafin, kuma raunin Turanci yana hana su bayyana abin da suka sani.

Abin da ake nema shi ne ɗalibi ya tsaya kamar alƙali: ya yanke hukunci, ya kawo shaidu daga cikin wasan. A ɗauki tambayar da ta fi kowace daɗewa, wato wa ya kashe Desdemona a haƙiƙa, makircin Iago ko raunin Othello? Mai ɗora laifin a kan Othello yana da shaidu. In aka bi lissafin fitowa-fitowa, daga saukarsu Kubrus zuwa kisan bai cika kwana biyu ba, to yaushe har ta samu sukunin cin amanar da ake zargin ta da shi? Mutumin da ke jan rundunar yaƙi bai tsaya ya yi wannan ɗan lissafi ba. Bai kira Cassio ya titsiye shi ba. Da ya tambayi Emilia ta rantse masa cewa uwargijiyarta tsarkakakka ce, sai ya yi watsi da shaidarta. A fitowa ta uku ta kashi na uku ya shigo yana mai yarda da matarsa ɗari bisa ɗari, kafin a tashi daga fitowar ya durƙusa yana rantsuwar ɗaukar fansa.

Mai kare shi ma ba hannu rabbana zai zo ba. Iago ya yaudari kowa, har matar da ke kwana da shi, kuma Othello, Cassio da Desdemona duk sun kira shi mai gaskiya. Othello baƙo ne a Benis, ana girmama takobinsa ana ƙyamar fatarsa. Brabantio da ke gayyatarsa gida, da ya ji ya auri 'yarsa sai ya ce asiri ya yi mata. Uban ya kuma jefa masa wata magana a gaban jama'a, cewa wadda ta yaudari mahaifinta ba za ta rasa yaudarar mijinta ba, kuma wannan maganar ce Iago ya tono daga baya ya soka masa. Ɗalibin da ya lura da yadda magana ɗaya ta fito daga bakin uba a kashi na farko ta dawo a bakin maƙiyi a kashi na uku, ya nuna wa mai maki cewa littafin ya karanta, ba taƙaitawa ba.

Ko manyan masana ba su daidaita a kan wannan ba. A 1904 A. C. Bradley ya ɗauki Othello a matsayin mutum mai girman zuciya da aka cuta. A 1937 F. R. Leavis ya yi masa raddi, ya ce son kai da ji da kai ne suka buɗe wa Iago ƙofa. Tun a 1693 ma Thomas Rymer ya yi wa wasan ba'a, yana mamakin a ce ɗan ƙyalle ya jawo wannan ɗanyen aiki. Saboda haka babu amsa ɗaya da aka kulle a aljihun mai maki. Duk ɓangaren da ɗalibi ya ɗauka, shaida ce za ta cece shi.

Akwai wani abu game da tsarin jarrabawar da ya kamata a sani tun daga aji huɗu. Takardu uku ne. Ta farko tambayoyi 50 ne na canki-canka, 20 daga cikinsu a kan wasan Shakespeare: a tsakuro 'yan layuka, a tambayi wa ke magana, da wa yake yi, a ina, me ya faru kafin nan. Wanda bai taɓa buɗe littafin ba, a nan asirinsa ke tonuwa, domin taƙaitawa ba ta koya wa kunne muryar Iago. Ta biyu ta ƙagaggun labarai ce. Ta uku, mai awa biyu da rabi, ita ce ta wasan kwaikwayo da waƙa, kuma a nan ake rubuta doguwar amsa a kan taurarin sauran wasannin da aka zaɓa, da irin nazarin da aka gwada a kan Othello.

A jerin 2021 zuwa 2025, ɗaya daga cikin waɗannan taurari mace ce: Yoko, a wasan Let Me Die Alone na John Kargbo, ɗan Saliyo. An gina ta a kan sarauniyar Mende ta gaske, wadda ta rasu a 1906. A cikin wasan, ta haƙura da haihuwa don ta gaji sarautar mijinta Gbanya. Ɗan'uwanta Lamboi da boka Musa suka sa wa mijin guba, daga baya suka kashe wata yarinya suka laƙaba mata. Ta yi wa gwamnan Turawa hidima iyakar ƙarfinta, ya saka mata da rage mata ƙasa, ta sha guba. A nan ma tambayar ba ta sauya ba: nawa ne nata, nawa ne na maƙiyanta, nawa ne na mulkin mallaka? Kashe kai haramun ne a wurin ɗalibin Musulmi, kuma babu mai maki da ya nemi ya halatta shi. An dai nemi ya bayyana abin da ya tura ta can, da dalilin da marubuci ya zaɓi ya rufe wasansa haka.

Kalmar ƙaddara ma tana bukatar hattara. A zaman makoki ita ce maganar da ta dace, amma a takardar jarrabawa ba ta amsa komai, domin tana rufe binciken da aka ce a yi. Ola Rotimi ya yi maganin wannan tun a sunan wasansa, The Gods Are Not to Blame, wanda aka fara nunawa a 1968, lokacin yaƙin basasa. Ya ɗauko labarin Oedipus na Girka ya kai shi ƙasar Yarbawa. An yi wa Odewale duba tun yana jariri cewa zai kashe ubansa ya auri uwarsa, kuma haka aka yi. Amma a gonar da ya yi kisan, ba wani abin bauta ba ne ya ɗaga masa hannu: an yi wa ƙabilarsa gori, zuciya ta ɗebe shi. Amsa mai kyau takan riƙe duban a hannu ɗaya, zafin zuciyar a ɗaya hannun, ta auna.

Malamin da ke da aji cike da ɗalibai da littafi uku ko huɗu a tsakaninsu ba shi da zaɓi mai yawa, amma yana da guda biyu masu arha. Wasan kwaikwayo don a yi shi aka rubuta shi, ba don a karanta shi shiru ba, kuma yara biyu a gaban allo, ɗaya Iago ɗaya Othello, sun fi awa guda ta kwafar rubutu amfani. Na biyu, ya bar gardamar ta fara da Hausa. Ɗalibin da ya iya kare Othello da harshen uwarsa ya riga ya samu abin faɗa, saura ya nemo Turancinsa, kuma wannan ya fi sauƙi a kan neman Turanci da tunani a lokaci guda. Ga mai son misali na kusa da gida, akwai Attahiru na Ahmed Yerima, a kan Sarkin Musulmin da ya ƙi zama a ƙarƙashin Turawa ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin 1903. Ajin da ya yi muhawara a kan ko tsayawa ya kamata ya yi ko tafiya, ya koyi aikin.

'Yan ajin yanzu kuwa nasu ya fi na yayyensu nauyi. Antony and Cleopatra yana da fitowa wajen 40, yana tsalle tsakanin Rum da Masar, kuma taurarinsa biyu ne: Antony ya mutu a kashi na huɗu, kashi na biyar kusan duk na Cleopatra ne. Jarrabawar tana zuwa a watannin Mayu da Yuni, daidai lokacin da gona ke kiran ɗaliban jeka-ka-dawo na Birnin Kudu da Gwaram. Duk wanda zai zauna mata, ya nemi ainihin littafin tun daga aji huɗu, ko da aro ne.