Ko Kun Sani? Birnin da Ake Kai Amarya a Jirgin Ruwa

A Venis ta ƙasar Italiya, wadda aka gina kan tsibirai 118, ba a kai amarya a mota, domin tsohon garin ba shi da titin mota. Ango da 'yan rakiya duk jirgin ruwa suke shiga.

Duk da haka attajirai na rububinta. A can jarumin fim George Clooney ya auri lauya Amal Alamuddin a Satumban 2014. A Yunin 2025 kuwa, Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon, ya yi bikinsa da Lauren Sánchez, aka kwana uku ana shagali.

Ba duk 'yan gari ne suka yi guɗa a bikin Bezos ba. Wasu sun fito zanga-zanga, har aka mayar da liyafar ƙarshe Arsenale, tsohuwar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa.