SANYIN KAKA: DAƊI GA BABBA, HAƊARI GA YARO

Ya ku iyaye mata na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa!

Idan watan Oktoba ya kama, mukan sami mako guda mai daɗi. Rana ba zafi, yau yayyafi, gobe ruwa ya ɗauke. Da asuba hazo ya rufe gonaki, raɓa ta jiƙa ciyawa. A nan kudancin Jihar Kano, musamman wajen dajin Falgore da duwatsun Riruwai, ruwa ya fi yawa, ya kuma fi daɗewa. Babba yana jin daɗin wannan sanyi. Amma a lokacin ne cuta biyu ke kama yara.

NA FARKO: ZAZZAƁIN CIZON SAURO

Kada ku ce damina ta wuce, sauro ya tafi. Yayyafin nan yana barin ruwa a kududdufi, da fasasshen tulu, da tsohuwar taya. Cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan sauro ya zama sauro mai cizo. Masu zama kusa da madatsar ruwa ta Tiga da fadamun shinkafa su ƙara lura.

1. Kowane dare yaro ya kwana cikin gidan sauro mai magani. Mai ciki ma haka.
2. A kife duk abin da ke tara ruwa a tsakar gida.
3. Maganin rigakafi da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, kwana 3 ake shansa. Kada ku tsallake zagayen ƙarshe.
4. Jikin yaro ya yi zafi? Kawo shi a ranar, a gwada jininsa. In an ba da magani, a shanye duka, ko da ya ji sauƙi.

NA BIYU: CIWON HAƘARƘARI, WATO LIMONIYA

Ba hazo ne ke kawo shi ba, ƙwayoyin cuta ne. Amma idan aka rufe ɗaki ruf, aka hura wuta saboda sanyi, hayaƙi yana raunana ƙirjin yaro, tari kuma ya bi 'yan ɗaki ɗaya bayan ɗaya.

Mura takan tafi da kanta. Limoniya kuwa tana kisa cikin 'yan kwanaki. Ga yadda za ki bambanta. Bari yaro ya natsu, ɗaga rigarsa, ƙirga numfashinsa na minti ɗaya:

Ƙasa da wata 2: sau 60 ko fiye.
Wata 2 zuwa 11: sau 50 ko fiye.
Shekara 1 zuwa 5: sau 40 ko fiye.

In ya kai haka, ba mura ba ce. A tafi asibiti.

KADA A JIRA GARI YA WAYE IDAN YARO:

* yana jijjiga;
* ya ƙi nono, ko ya kasa shan ruwa;
* yana amayar da duk abin da ya ci;
* ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi;
* ya galabaita, ana tashinsa ba ya farkawa sosai.

A GIDA KUMA

Sa wa jariri hula da riga mai kauri da asuba. Rigar da ta jiƙe a cire ta nan take. Wanka sai rana ta fito, da ruwan ɗumi. A ci gaba da ba da nono. Yaron da ya wuce wata 6 a ƙara masa kunu mai gyaɗa. A yi girki a waje, nesa da goyo. A duba katin allurar rigakafi, domin akwai ta limoniya a ciki.

Mun sani aikin kaka ya yi yawa, ga sussuka, ga ɓarar gyaɗa. Amma uwa, hatsi zai jira ki, numfashin yaro ba ya jira. Ki gaya wa maigida yau, a ajiye kuɗin mota tun kafin bukata ta taso.

RIGAKAFI YA FI MAGANI.

Allah Ya raya mana zuriya, amin.