Dokar Hana Shan Taba da Ikon Masu Duba-Gari

Hayaƙin taba sigari yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kimanin 70 daga cikinsu kuwa suna haddasa ciwon daji. Wanda ke zaune kusa da mashayi a motar haya daga Birnin Gwari zuwa Kaduna yana shaƙar rabonsa, ko da bai taɓa sa kara a baki ba. Saboda irin wannan fasinja ne hukuma ta shigo cikin maganar.

A shekarar 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, gwamnatin soja ta kafa Doka ta 20, wadda ta haramta shan taba a makarantu da asibitoci da ofisoshi da motocin haya. Tarar ta kama daga Naira 200 zuwa 1,000. Sai dai dokar ta kwanta a takarda, domin ba a ga mai bin sawunta ba.

Dokar 2015 da ƙa'idojinta na 2019 sun yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka. Sun ɗora aikin a kan 'yan sanda da jami'an tsaron farin kaya da jami'an tsabtar muhalli, wato magadan duba-gari na da, waɗanda tsofaffi ke tunawa da yadda suke leƙa randa da masai. Jami'i yana da ikon shiga wurin sana'a ya bincika, ya kuma ƙwace tabar da ta saɓa ƙa'ida. An hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, an kuma hana sayarwa kara-kara. Hikimar a fili take: ɗalibin da ba shi da kuɗin kwali yana da na kara ɗaya. Amma mai tebur da wannan cinikin yake ci, shi ya sa har gobe ake yinsa a tasha da bakin kasuwa.

Birnin Gwari tana da ƙarin matsala. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi yankin, hankalin jami'an tsaro ya koma kan tsare rayuka a hanya, binciken tebur ya zama abin baya. Ga kuma dajin Kamuku, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Idan hunturu ya busar da ciyawa, guntun taba mai rai yana iya tada gobara, kuma a nan hukuncin yana hannun masu gadin daji, ƙarƙashin dokar gandun daji wadda ta haramta cinna wuta a cikinsa.