Ina Ƙugiyar Ta Tafi?

Duk wanda ya bi titin Gyallesu da ƙafa, daga wajen Kongo zuwa cikin Tudun Wada, zai ga kowane shago da allonsa. Na tela, na mai aski, na mai sayar da magani, kowa ya sa an rubuta sunansa da manyan haruffa masu kauri, waɗansu da inuwa, waɗansu da jela kamar ta zakara. Mu malamai mukan lura da su, gama yaranmu sun fi karanta waɗannan alluna da littattafan da muke ba su.

Irin wannan rubutu ya daɗe. A farkon shekarun 1800 maƙeran haruffa na Landan suka soma ƙera masu ƙiba musamman domin talla, don mai wucewa ya karanta daga nesa ba sai ya tsaya ba. Amfaninsu ke nan har yau. Amma su Turanci suka yi wa aiki, Turanci kuwa ba shi da ɓ, ɗ da ƙ.

Waɗannan uku namu ne. A shekarun 1930 aka tsai da su, kafin nan ɗigo ko wata 'yar alama ake sa wa harafin. A nan Zariya kuma suka yi ƙarfi, inda aka soma buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Ashe abin kunya ne a ce a garin nan ƙugiya take ɓacewa.

Dā mai fenti da buroshi ne yake rubuta allo. In ya manta, sai ka ce, "Malam, ƙara mini ƙugiya," ya lanƙwasa hannu, shi ke nan. Yanzu kwamfuta ce take bugawa a kan kyallen roba, yawancin haruffan ado da ke cikinta kuwa ba a zana musu namu ba. In aka matsa mata, sai ta sa wani siririn harafi a tsakiyar ƙattai, ko ta bar ɗan akwati fanko. Mai bugawa yana sauri, sai ya sa k ya wuce.

To, ga abin da yake fitowa. Mun ga masaukin baƙi ya zama "Masaukin Baki". Wata rana kuma wani yaro ɗan aji uku ya rubuta mana cewa hutu ya "kare". Da muka gyara masa, sai ya ce ai haka ya gani a babban allo, babban allo kuwa ba ya kuskure. Mun yi dariya, amma mun rasa amsar da za ta gamsar da shi.

Ba mu ƙi ado ba. Allo mai kyau yana jawo ciniki, mai shago kuma guminsa ya biya. Sai dai kafin ku ba da kuɗi, ku rubuta kalmomin da hannunku a takarda, ku ce a nuna muku su a fuskar kwamfuta. In harafin da aka zaɓa ba shi da ƙugiya, a sake wani, akwai masu ita. Ran da za a kafa allon kuma, ku tsai da ɗan firamare a ƙetaren titi ya karanta muku da ƙarfi, tun mai bugawa bai karɓi cikon kuɗinsa ba.